Allon Laba Dubu

Litinin, 3 ga Yuni, da sassafe

Na ɗaure wa mijina Cleotis takalmi, na zuba masa gahawa, ya ja sandarsa ya fita baranda. Ɗanmu Dontrell kuwa tun kafin gari ya waye ya tafi ɗakin ɗaga ƙarafa na makaranta. Wai hutu ake yi. Wane irin hutu? Yaron da ya kamata ya yi barci har rana ta take, shi ne ke fita da duhu-duhu ya dawo yana jan ƙafa.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, don in na haukace a san dalili. A watan jiya wani mutum ya zo daga wata jami'a da hularsa da agogonsa na auna gudu, ya ga ɗana ya tsere wa duk yaran da aka tara a fili. Ya ce wa Koci Haskew, mai horar da su, yaron nan yana da ƙafa, sai dai yana bukatar ɗan nama a jiki kafin gwajin ɗaukar 'yan ƙwallo da jami'ar za ta yi a watan Yuli. Ɗan nama fa ya ce. Koci ya ɗauki maganar ya mai da ita laba dubu.

Duk saboda baƙin allon nan da ke bangon ɗakin ƙarafa ne. Ka tura ƙarfe daga ƙirji kana kwance, ka tsuguna da shi a kafaɗa, ka sunkuya ka ɗauko shi daga ƙasa, in ukun sun haɗa laba dubu a rubuta sunanka da farin fenti a ba ka baƙar riga. Shi ke nan fa abin. Amma a garin nan na ga mazan da aka binne da wannan riga. Sunan mijina yana jikin allon, can sama. Kuma tun Dontrell yana firamare ni nake ɗaure wa uban takalmi, don ba ya iya sunkuyawa. Ya ce lodin auduga ne ya kashe masa baya. To, a bar shi a lodin auduga.

Laraba, 5 ga Yuni, da azahar, a shago

Kowa a jiharmu ta Mississippi ya zama malamin ƙarfi. Tun safe nake kitso ana cika mini kunne. Wannan ta ce in riƙa fasa masa ɗanyen ƙwai cikin madara. Waccan ta ce ɗan yayarta taya yake ɗaurawa a ƙugu ya hau gangaren kogi da ita a guje. Mama Earline, wadda ta haifi maza biyar ba wanda ya taɓa kama ƙwallo ko a mafarki, ta leƙo daga ƙarƙashin injin busar da gashi ta ce in daina ba shi kuɓewa, tana sa jiki ya yi yauƙi.

Na ce, "Mama, ke kuma me kika riƙa ba naki?"

Ta ce, "Duka." Aka kwashe da dariya, har da ni, amma raina a ɓace yake.

Ba wanda ya tambaye ni ko yaron yana barci. Abin da suke so su ji kawai, saura laba nawa. An ce ba a taɓa samun uba da ɗa a allon ba, mu ne za mu fara. Mu! Kamar da ni za a ɗaga.

Jumma'a, 7 ga Yuni, da yamma

Tarwaɗa uku Dontrell ya cinye, da shinkafa da wake, da burodin masara rabin faranti, sannan ya bi da wata gora ta madara da markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ko warinta ba na so. Yana ci yana yi mini karatu. Wai Koci ya ce gudu daga cinya da ƙugu yake fitowa, ƙafar da ta iya tura ƙasa da ƙarfi ita ce ke tserewa. Wai takun farko na tashi shi ne komai, ka duƙar da jiki, ka ja gwiwa sama, hannu ya yi aiki tare da ƙafa. Ban ƙi ba. Ni ban san komai a harkar ƙarfe ba, kitso na sani. Amma na ce masa aikinsa a fili shi ne ya ruga ya cafe ƙwallo, ba a ce ya ɗauki mota ba.

Uban ya amsa daga baranda cewa in bar yaro ya zama namiji. Da cokalin Dontrell ya faɗi ƙasa, bai sunkuya ba. Ƙafa ya sa ya jawo shi kusa da kujera, ya ɗauki wani. Ya zaci ban gani ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan coci

Fasto ma ya sa baki. A tsakiyar wa'azi ya nuna mu da hannu, ya ce a sa ɗan gidan Mabry a addu'a, ranar ashirin da biyu ga wata zai kafa tarihi. Aka tafa. A coci fa! Cleotis ya ɗaga sanda yana washe baki. Ni na sunkuyar da kai ina kallon takalminsa, igiyar hagu ta ɗan saki.

Talata, 11 ga Yuni, da safe

Na ɗaure wa Cleotis takalmi. Dontrell a ƙasa ya kwana, a kan daɓe, wai ya fi sanyi.

Alhamis, 13 ga Yuni, da la'asar

Na rufe shago na ce wa Dontrell ya raka ni birnin Jackson sayen kayan gashi. Sai da muka tsaya a ƙofar asibiti ya gane. Ya yi ta huci a mota, na ce ko ya fito da ƙafarsa ko in tsaya a titi in kwarma ihu in ce ɗana ba shi da lafiya. Ya san zan aikata, sai ya fito.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata 'yar siririya, ta dube ni ta ce tunda ya cika sha takwas sai in ya yarda zan zauna. Ni da na haife shi! Ni da na yi masa wanka har ya kai shekara shida yana kuka da sabulu, yau sai an nemi izininsa kafin in ji abin da ke jikinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in zauna.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Ta nuna wani ɗan siririn layi a ƙasan ƙashin baya, kamar tsagewar kofin tangaram. Ta ce in ya huta wata uku zai haɗe, ya koma gudunsa lafiya lau. Ta ce in ya ɗora masa nauyi yanzu, sai ta katse maganar ta sake kallon hoton. Dontrell ya tambaye ta ko sau ɗaya tak zai yiwu. Ta ce a'a. Ya sake tambaya ta wata hanya, ta sake cewa a'a.

A hanyar dawowa ya kafa wa taga ido har muka fara ganin gonakin auduga. Sannan ya ce, "Mama, don Allah kar ki gaya wa Koci. Sau ɗaya ne. In na samu rigar zan huta, na rantse."

Na ce ban yi alkawari ba.

Jumma'a, 14 ga Yuni, da hantsi

Na gaya wa Koci.

Jumma'a dai, da yamma

Na sami Koci a ɗakin ƙarafa, kiɗa na tashi, yara na gurnani, wurin yana warin gumi da roba. Ya cire hula, ya ce mini ranki ya daɗe, ya ba ni kujera. Mutumin akwai ladabi, shi ya sa ma na fi jin haushinsa. Ya saurare ni tsaf, ya girgiza kai, ya ce shi bai taɓa tilasta wa yaro ba, ƙofa a buɗe take, wanda ba zai iya ba ya zauna. Ya ce duk mai ɗaga ƙarfe bayansa yana ciwo, akwai bambanci tsakanin ciwo da rauni, kuma yaro ne ya san jikinsa. Ya ce likitocin birni in ka je musu da atishawa sai su kwantar da kai wata uku.

Na ce to ya hana shi mana, ai maganarsa yake ji ba tawa ba. Ya ce zai sa ido, zai ba shi ɗamarar fata mai kauri, zai gyara masa tsayuwa. Ɗamara! Kofi ya tsage a ce za a ɗaure shi da tsumma a zuba tafasasshen ruwa.

Da zan fita ya nuna mini allon, ya ce in dubi sunan mijina, ba kowace mace ce ke da wannan ba. Na ce ƙwarai, ba kowace mace ce ke durƙusawa kullum da safe a gaban namiji mai shekara arba'in da 'yan kai tana ɗaure masa igiyar takalmi ba. Yara biyu suka ji, suka kau da kai.

Litinin, 17 ga Yuni, da safe

Dontrell ba ya yi mini magana. In na ajiye abinci ya ci, in na yi tambaya ya dubi ubansa. Ya gaya wa Cleotis wai na kunyata shi, yara suna ce masa ɗan Mama, an rataya masa bulumbotin jarirai a ƙofar akwatin kayansa.

Na zaunar da Cleotis na faɗa masa abin da likita ta ce, ban rage komai ba. Ya daɗe yana juya sanda a hannu. Na ɗauka ya ji. Sai ya ce shi ma lokacinsa bayansa ya yi ciwo, ya daure ya ɗaga, ga shi bai mutu ba. Na dube shi daga sama har ƙasa. Na ce, "Cleotis, ɗauko mini hularka da ta faɗi can." Bai ɗauko ba. Na bar hular a ƙasa har yamma.

Ya ce in yaron bai je gwajin Yuli da rigar ba, Koci ba zai buga waya ya yabe shi ba, kuma in ba jami'a, sai masana'antar yanka tarwaɗa. Ya ce ni ban san abin da ake ji ba in aka kira sunanka a gaban gari. Gaskiya ne, ban sani ba. Abin da ake ji bayan an gama kira na sani.

Laraba, 19 ga Yuni, da azahar, a shago

Mata uku sun fasa kitso. Ɗaya ta aiko cewa kanta na ciwo, na hango ta da ido tana shiga shagon da ke tsallaken titi. Labari ya zaga cewa Verlene Mabry tana so ta kashe wa ɗanta gaba saboda tsoro. Har an ce kishi nake da allon. Kishi da katako!

Mama Earline ce kaɗai ta zo. Ba ta yi wasa ba yau. Na gama mata na sa mata madubi, sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ba za ki iya hana su ba. Na ga uwar Cleotis ta gwada." Na tambaye ta me ya faru. Ta ce ai ni nake ɗaure takalmin.

Alhamis, 20 ga Yuni, da safe

Na ɗaure wa Cleotis takalmi. Na ja igiyar da ƙarfi har ya ce wash. Ban ba shi haƙuri ba.

Jumma'a, 21 ga Yuni, da yamma

An kawo alli. Al'adarsu ce, wanda sunansa ke allo shi ke shafa wa sabon yaro alli a tafin hannu kafin ɗagawar ƙarshe, sannan ya tsaya a bayansa. In ba mai shafa alli, ba a ɗagawa. Koci ya aiko wa Cleotis dunƙulen a cikin ƙyalle kamar wata tsaraba. Ya ajiye shi a kan talabijin, ya sa na ciro masa tsohuwar baƙar rigarsa daga ƙasan akwati. Ta koɗe, ta matse shi a ciki, ya tsaya gaban madubi yana shan iska.

Na roƙe shi. Ni Verlene da ban iya roƙo ba, na roƙe shi. Na ce in ya ƙi zuwa, in ya ce alli ba zai taɓa hannun ɗansa ba sai ƙashin ya haɗe, ba wani tsohon mai riga da zai yi gaban kansa ya shafa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya ce yaron ba zai yafe masa ba har abada. Na ce gara ya ƙi ka yana tsaye da ƙafarsa.

Dontrell ya shigo muna cikin haka. Ya dubi rigar a jikin ubansa, idonsa ya yi ƙyalli kamar lokacin da yake ƙarami in ya ga kek. A nan na san na faɗi.

Asabar, 22 ga Yuni, da safe

Ban ɗaure ba.

Cleotis ya zauna a bakin gado da takalmin a ƙafa, igiyoyi a zube, yana jira kamar kullum. Na wuce shi na shiga kicin. Ya kira ni, na yi kamar ban ji ba. Ya sake kira. Na ce in zai je ya shafa wa ɗana alli, ba da hannuna za a shirya shi ba. Dontrell ya riga ya tafi, ba kowa a gidan sai mu biyu. Ina jin sa yana nishi, yana ƙoƙarin kaiwa, sanda ta faɗi. Allah ya sani zuciyata ta karye, amma na riƙe bakin tukunya na tsaya.

Ina ganin na ci nasara. Cleotis Mabry ba zai fita gaban mutane ba takalmi ba, mutumin da ke sa in goge masa su ko shago zai je.

Asabar, da la'asar

Da silifas ya tafi. Silifas ɗin banɗaki, shuɗi, da baƙar riga da sanda. Maƙwabci ya zo ya ɗauke shi a mota.

Asabar, da magariba

Na ce ba zan je ba, kuma ban shiga ba. A mota na zauna a wajen makaranta, gilashi a ƙasa, zafi kamar gaban murhu. An buɗe ƙofofin ɗakin saboda cunkoso, ana gasa nama a waje, yara na yawo da tutoci. Ina jin komai. Na ji ɗagawar farko, aka yi ihu. Na ji ta biyu, aka yi ihu. Sai mai lasifika ya ce Mabry babba zai shafa wa Mabry ƙarami alli, wurin ya ɗauka gaba ɗaya, suna buga ƙafa suna kiran sunanmu.

Ya ɗaga. Kar wani ya ce ɗana bai ɗaga ba. Na ji ƙarfen ya dira ƙasa, na ji gari ya tsage da sowa.

Sai sowar ta fara mutuwa daga gaba, tana bin layi zuwa baya, har ta iso ƙofa. Wani ya kashe kiɗan. Ban san lokacin da na fita daga mota ba.

Ba zan rubuta sauran ba.

Lahadi, 23 ga Yuni, da rana, Jackson

Likitar nan ce dai. Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Da ma ta faɗa, da na samu wanda zan yi wa masifa.

Talata, 25 ga Yuni, da safe

An yi wa Dontrell tiyata a baya. Yatsun ƙafarsa suna motsi, duka goman, na tsaya na gani da idona. Na tambaya maganar tafiya, aka ce zai yi. Shi ya tambaya maganar gudu, aka ce a bari a gani tukuna. Ya juya fuska bango.

Asabar, 29 ga Yuni, da la'asar

Mun dawo gida. Kicin ya cika da kwanonin abinci, kaza da dankali da kek, daga matan da suka fasa kitso. Kowacce ta rungume ni ta ce Ubangiji ya san dalili. Ni ma na san dalili, yana rataye a bangon ɗakin ƙarafa.

Koci ya zo da hula a hannu da baƙar riga a naɗe. Ya ce an riga an rubuta sunan, daidai ƙarƙashin na uban aka samar masa wuri. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin zuciya irin ta yaron nan ba, kuma zai riƙa ba yara masu tasowa labarinsa. Na ce in ya ba su, ya kawo su nan su ga ƙarshen labarin, ina buɗe ƙofa tun safe. Na so in watsa masa shayin da ke hannuna. Abin da ya hana ni, Dontrell ya miƙa hannu daga kan gado ya karɓi rigar, ya rungume ta a ƙirji.

Mutumin jami'a bai bugo ba.

Laraba, 3 ga Yuli, da safe

Yau ne gwajin. Ba wanda ya ambata. Cleotis ya daina zama a baranda, a ƙofar ɗakin yaron yake ajiye kujera. Tun ranar nan da silifas yake yawo, bai sake miƙo mini ƙafa ba, ni ma ban tambaya ba. Allin da ya rage na gan shi a kwandon shara, ba ni na jefa ba.

Jiya Dontrell ya ce, "Mama, miƙo mini ruwa." Maganarsa ta farko gare ni ke nan tun ranar da na je wurin Koci. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji ni.

Lahadi, 14 ga Yuli, kafin coci

Dontrell ya ce yau zai je coci, ya gaji da kwanciya. Na taimaka masa ya sa ɗamarar bayan da asibiti ya ba shi a ƙarƙashin farar riga, ya zauna a bakin kujera a miƙe kamar ya haɗiyi sanda. Ya zura ƙafa a takalmi, ya dubi igiyoyin, ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a gwiwa.

Ina ɗaki ina ɗaura ɗankwali, ta madubi nake ganinsu. Cleotis ya taso, ya jingine sandarsa a bango. Ya dafa kujera, ya fara sauka a hankali, fuskarsa ta jiƙe da gumi, yana cewa bari, ɗana, bari in yi maka. Ya kai rabi ya tsaya. Ya sake gwadawa, yatsunsa suna lilo a sama da igiyar, saura kaɗan, ba su kai ba. Dontrell yana cewa Baba bar shi, Baba tashi. Shi kuma ya kasa sauka, ya kasa miƙewa.

Sai na ji ya ce, a hankali, "Verlene."

Na fito na ɗaga shi na zaunar da shi kusa da ɗansa. Na ɗauko masa takalminsa na coci daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙurar. Na durƙusa da kayan cocina. Na fara da na Dontrell, dama sannan hagu, na matsa gefe na yi na Cleotis. Ba wanda ya dubi wani.

Mun makara, an riga an fara waƙa.